Zan haɗa wa kwastoma cajar motar lantarki a gida, ina neman shawarar magabata

Sabon Hannu: Assalamu alaikum iyayena da yayyena a sana'a. Wani kwastomana ya sayi mota mai lantarki zalla, batirinta kilowat-awa 60. Ya kuma sayo akwatin caji na bango mai kilowat 22, ya ce in zo in maƙala masa a gareji. Gidan fes ɗaya ne, wato layin wuta ɗaya ke shigowa ba uku ba, bolt 230. Daga akwatin rarraba wuta zuwa garejin mita 30 na auna. Niyyata in ja waya 4mm cikin faif, in sa bireka mai amfiya 32, in bi ta RCD ɗin da ke gidan tun asali, wato na'urar da ke yanke layi in wuta ta zurare zuwa ƙasa. Shi dai ya ce an gaya masa awa uku motar za ta cika. Ban taɓa yin irin wannan aikin ba, shi ya sa na ce bari in tambaya kafin in sayi kaya.

Baba Mai Wayarin: Wa alaikumus salam. Ka kyauta da ka tambaya. 4mm ta yi kaɗan, ja 6mm. Sauran kuma aiki ne irin wanda ka saba, kamar ka ja wa hita ko kuka (murhun girki na lantarki) layinta. Wuta dai wuta ce, ba a sake mata hali don an kawo sabuwar mota ba.

Anti Injiniya: Baba, ranka ya daɗe, a kan waya muna tare da kai har wani wuri, amma a ce kamar hita ne, nan kam ban yarda ba. Bari in fara da abin da zai hana ƙanena rigima da kwastomansa.

Wannan akwatin da ake maƙalawa a bango, ba shi ne caja ba, ko da yake haka kowa ke kiransa. Batir DC yake sha, wato wuta mai tafiya gefe ɗaya, wutar gida kuwa AC ce, mai kai-komo. Na'urar da ke juya AC ta koma DC tana cikin motar kanta, can masu ƙera ta suka dasa ta. Akwatin bango makunni ne mai hankali: ya tabbatar an jona mota, ya duba wayar ƙasa, ya gaya wa mota iyakar amfiya nawa aka yarda ta ja, sannan ya rufe kontakta, wato babban makunnin da ke cikinsa, ya sako wutar yadda take. Saboda haka gudun caji yana bin mafi ƙanƙanta cikin abu huɗu: wutar gidan, akwatin, igiyar cajin, da cajar da ke cikin mota.

Lissafin kuwa a fili yake. Fes ɗaya, 230 sau amfiya 32, kilowat 7.4 ke nan. In amfiya 16 ne, 3.7. Kilowat 11 da 22 sai da fes uku mai bolt 400, amfiya 16 ko 32 a kowane layi. Gidan kwastomanka fes ɗaya ne, don haka akwatin nan ko na kilowat ɗari ne ba zai wuce 7.4 ba. Raba 60 da 7.4, ka samu awa takwas da 'yan mintuna, ka ƙara abin da ke ɓacewa a zafi, kusan awa tara. Ka gaya masa wannan yau, tun kafin ka huda bango.

Sabon Hannu: Kai Anti, na gode. Wallahi ni duk na ɗauka akwatin ne ke tura wutar da ƙarfinsa. To akwatin fes uku zai ma yi aiki a fes ɗaya?

Anti Injiniya: Da yawa suna yi, ka shiga ta L1, wato laif na farko, da nitiral da wayar ƙasa, ka saita shi a fes ɗaya. Amma littafinsa ne zai tabbatar maka. Kuma ka duba littafin motar ma. Akwai motocin da cajarsu ta ciki kilowat 11 ce a fes uku, amma in ka ba su fes ɗaya amfiya 16 kawai suke ja, wato 3.7. Irin wannan sai ta kwana ba ta cika ba, mai ita kuma kai zai zarga.

Makanikin Haibirid: Bari in sa baki daga ɓangarenmu na gareji, don masu wayarin su san abin da suke jona wa wuta. Babban batirin yana shimfiɗe a ƙarƙashin motar, ƙananan ƙwayoyi ne masu yawa aka jera har su kai wajen bolt 400. Wasu sababbi irin Porsche Taycan da Hyundai Ioniq 5 tsarin bolt 800 gare su. Daga batirin wuta ta shiga inbata, inbata ta mayar da ita AC fes uku ta juya injin lantarkin da ke tura tayoyi. In direba ya ɗaga ƙafa ko ya taka birki, injin nan ya koma janareta ya mayar da wuta cikin batir. Akwai kuma kwamfutar da ke gadin batirin, tana duba zafinsa da awon kowace ƙwaya, ita ce mai cewa a ƙara ko a rage.

Duk wayar da ka gani mai launin ruwan lemo a jikin motar, ta babbar wuta ce. Don Allah mai wayarin gida kada ya taɓa ta, aikinka ya tsaya a bakin soket ɗin motar. Sannan wani abu da ke ba mutane mamaki: har yanzu akwai ƙaramin batir mai bolt 12 a cikinta, shi ke tayar da kwamfutoci ya rufe kontaktocin babban batirin. In ya mutu, mota ba za ta tashi ba, sau da yawa caji ma ba za ta karɓa ba. An taɓa kawo mini wadda aka cire akwatin bangonta har sau biyu ana cewa ya lalace, ashe ɗan batirin nan ne ya sauka.

Ɗan Sola: To manyan cajojin kan hanya da ke cika mota cikin rabin awa fa, su ma makunni ne?

Makanikin Haibirid: A'a, su cajoji ne na gaske. Na'urar juya wutar tana cikin katuwar akwatin da ke tsaye a tashar, tana tura DC kai tsaye cikin batir, ta tsallake cajar cikin mota. Shi ya sa ake ganin kilowat 50, 150, har 350. Amma in batir ya kai wajen kashi 80 cikin ɗari sai kwamfutar ta riƙa rage gudun don kare ƙwayoyin.

Baba Mai Wayarin: Duk na ji, kuma na ƙaru. Amma har yanzu ba a gaya mini abin da ya raba layin nan da layin hita ba. Amfiya 32 dai amfiya 32 ne.

Anti Injiniya: Lokaci ne ya raba su, Baba. Hita tana ja minti ashirin, na'urar awon zafi ta yanke ta, waya ta huce. Kuka ma haka, kunnawa da kashewa. Mota kuwa za ta riƙe amfiya 32 cif awa takwas ba numfashi, cikin dare, masu gida suna barci, kuma gobe ma haka. Babu wani kaya a gida mai irin wannan halin. Shi ya sa ƙa'idar IEC 60364-7-722 ta ce a ba ta layinta ita kaɗai, kuma wajen lissafi a ɗauka kullum cikakken lodinta take ja, ba a yi mata ragin nan da muke yi wa soket-soket da tunanin ba duka za a kunna lokaci guda ba. A Amurka dokarsu ta ce a ninka lodin da kashi 125 cikin ɗari, don haka akwatin amfiya 32 bireka 40 ake sa masa.

Mu dawo kan 4mm ɗin ƙanena. A teburin da muke aiki da shi, kebul 4mm cikin faif a bango yana ɗaukar wajen amfiya 30 ne in zafin wurin digiri 30. In wurin ya kai digiri 40, kamar cikin silin ko gareji mai rufin kwano, sai a ninka da 0.87, ya sauko 26. Tun a nan ya faɗi. Ga kuma faɗuwar bolt: a mita 30 da amfiya 32, 4mm tana zubar da kusan bolt 10.5, 6mm wajen 7, 10mm wajen 4. Bolt 10.5 sau 32 ya haura wat 330, duk zafi ne cikin bango har gari ya waye.

6mm ɗin da Baba ya ce tana ɗaukar wajen 38 a faif, da zafi ta dawo 33. Da bireka 32 ta tsallake da ƙyar. Amma in littafin akwatin ya ce bireka 40, to 6mm a faif ba ta isa ba, domin bireka ba ya fin ƙarfin wayar da yake karewa. Ni a wannan nisan 10mm zan ja in huta.

Baba Mai Wayarin: A kan 10mm ba ni da ja. Amma bari in faɗa muku inda wuta ta fi tashi, domin shekara talatin da ɗoriya ina buɗe akwatunan da suka ƙone. Ba a tsakiyar waya take tashi ba, a bakin ɗauri take tashi. Sukuru ɗaya da bai ɗauru ba ya isa. An kira ni wani gida da aka sa irin akwatin nan, wata biyu kacal, mai gidan ya ce yana jin ƙauri da daddare. Waya mai kauri ce, bireka mai kyau, amma bakin nitiral a birekan ya yi baƙi ƙirin, robar ta narke ta zubo. Wanda ya yi aikin ya tura wayar bayan maƙallin maimakon cikinsa, ya ɗaure sukuru a kan iska. Da fitila ce ke kan layin, shekara goma ba wanda zai sani.

Malamin Kwaleji: Maganar Baba lissafi ma ya goya mata baya. Zafi yana bin amfiya sau kansa. 32 sau 32, 1024 ke nan. In ɗauri mara kyau ya ƙara om 0.02 kawai, wat 20 ne a wuri kamar ƙwayar wake, kuma ƙarfen sodar hannu ma kusan ƙarfinsa ke nan. Ku nemi sukudireba mai awon ƙarfin ɗauri, masu ƙera akwatin suna rubuta adadin a littafi. Wayar mai gashi-gashi kuma a sa mata hular bakin waya a matse. Wannan dalilin ne ya sa igiyar da ke zuwa da mota, wadda ake sawa a soket ɗin ɗaki, galibi ake taƙaita ta a wajen amfiya 10, kuma aka hana haɗa ta da ƙarin waya.

Sabon Hannu: Na rubuta. Saura RCD. Na gidan sabo ne, miliamfiya 30, na danna maɓallin gwaji ya faɗi nan take.

Anti Injiniya: Je ka dubi zanen da ke fuskarsa. In igiyar ruwa guda ce kawai cikin ɗan murabba'i, nau'in AC ne, kuma an hana shi a layin mota. In akwai wasu 'yan tuddai a ƙarƙashin igiyar, nau'in A ne. In akwai ƙarin miƙaƙƙen layi da ɗigo-ɗigo a ƙasansa, nau'in B ne.

Baba Mai Wayarin: Wannan kam ina zargin dabarar masu sayar da kaya ce. Yaro ya ce ya gwada ya faɗi. Me kuma ake nema?

Anti Injiniya: Baba, ya faɗi ne don babu mota a kai. Ka san cikinsa zoben ƙarfe ne, laif da nitiral suna ratsawa. In abin da ya tafi bai dawo daidai ba, bambancin yana motsa maganaɗisu a zoben, shi ke fizge makunnin. Wannan dabarar da wuta mai kai-komo take aiki. To cajar cikin mota tana da ɓangaren DC, in rufin wani wuri ya samu matsala, DC mai santsi tana iya zurarowa ta biyo layin. Ita ba ta kai-komo, sai ta cika zoben da maganaɗisu ta tsaya. Zoben da ya ƙoshi ba ya jin ƙarin komai. A wannan halin ko mutum ya taɓa laif, RCD ɗin na iya yin shiru. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, in RCD ɗin gidan gaba ɗaya ne aka bi ta cikinsa, to banɗaki da kicin ma sun rasa mai tsaronsu, ba wanda ya sani.

Nau'in A yana jure DC har miliamfiya 6. Don haka hanya biyu ce: ko ka sa nau'in B, ko ka sa nau'in A mai miliamfiya 30 tare da na'urar da ke yanke wuta in DC ta kai miliamfiya 6. Yawancin akwatunan yanzu suna zuwa da wannan na'urar a ciki, za ka ga an rubuta 6mA DC ko lambar IEC 62955. Kowane wurin caji da RCD ɗinsa, mai yanke laif da nitiral tare, kuma ka ɗebo layin daga gaban tsohon RCD ɗin gidan, kada ya ratsa ta cikinsa.

Baba Mai Wayarin: To, zoben da ya ƙoshi. Wannan na gane shi, na ga irinsa a tiransifoma. Na janye maganata.

Ɗan Sola: Ni abin da ke ɗaure mini kai, ta yaya akwati ke gaya wa mota amfiya nawa za ta ja? Waya ce ta intanet a ciki?

Malamin Kwaleji: Abin ya fi haka sauƙi. Ka dubi bakin fulogi nau'i na 2, wanda Turai ta tsayar a dokarta ta 2014. Ramuka bakwai ne: fes uku, nitiral, ƙasa, da ƙanana biyu na sigina, CP da PP. A kan CP akwatin yana ajiye bolt 12 in ba mota. Da an jona, wani rizisto a cikin motar ya ja shi ƙasa zuwa 9, akwatin ya san an zo. In motar ta shirya sai ta ƙara wani rizisto ya sauko 6, a nan ne kawai kontakta ke rufewa. Kafin wannan babu wuta a bakin fulogin, shi ya sa in ka sa mita a akwatin da ba mota za ka ga sifili, kada ka ce ya mutu.

Iyakar amfiya kuma da bugun sigina ake faɗinta, bugu dubu a daƙiƙa. Faɗin bugun cikin ɗari sau 0.6 shi ne amfiyan da aka yarda. Kashi 10 amfiya 6, wanda shi ne mafi ƙanƙanta, kusan kashi 27 amfiya 16, kashi 53 amfiya 32. Motar ce ke yi wa kanta linzami ta tsaya a nan. PP kuwa rizisto ne a cikin igiyar da ke faɗin ƙarfinta: om 680 igiyar amfiya 20, om 220 ta 32. In kwastoma ya zo da igiyar 20 ya sa a akwatin 32, zai ga cajin ya ragu, kuma daidai ke nan.

Ku lura da abin da wannan ke nufi gare mu. Akwatin bai san kaurin wayar da ka ja masa ba. Abin da ka saita shi zai faɗa wa mota, ita kuma ta ja. In ka bar shi a 32 a kan layin da 20 yake ɗauka, babu wanda zai gyara maka.

Makanikin Haibirid: A ƙara da duba bakin motar kafin a buɗe kwali. Yawancin motocin Amurka da tsofaffin na Japan nau'i na 1 ne mai rami biyar, Nissan Leaf ta farko ta 2010 kuma da bakin CHAdeMO take sha a cajin gaggawa. Na Turai nau'i na 2, da CCS2 a cajin gaggawa. Wadda aka ƙera don kasuwar Sin bakinta GB/T ne, ido zai ce maka nau'i na 2 ne, amma an juya namiji da macen, ba ya shiga. Tesla ta Amurka ma da nata bakin daban.

Ɗan Sola: Saura tawa matsalar. In gidan yana komawa kan janareta ko inbata fa? Na ga akwatin da ke aiki lafiya a wutar layi, da an juya canjoba, wato makunnin sauya layi, sai ya kunna jar fitila.

Anti Injiniya: Yawanci nitiral ne ke shawagi. Ƙananan janareta da wasu inbatoci ba sa ɗaure nitiral da ƙasa, akwatin kuma yana auna tsakaninsu, in bai ga abin da yake nema ba ya ƙi sakin wuta. Wasu motocin ma da kansu suke auna kyawun ƙasan su ƙi karɓa. Gyaran shi ne a yi ɗaurin a wurin janaretan ko inbatan, wuri ɗaya tak, yana aiki lokacin da aka bar wutar layi kawai, da canjoba mai yanke nitiral. Abin da nake roƙo kada a yi shi ne shiga saiti a kashe duba ƙasan don fitilar ta koma kore. Mota ƙarfe ce tsaye kan roba, mai taɓa ta kuma yana tsaye a ƙasa, wataƙila da jiƙaƙƙun ƙafafu. Kilowat 7.4 ma ya fi ƙarfin yawancin inbatocin gida, sai dai a sauke akwatin zuwa amfiya 6 ko 10 da rana.

Baba Mai Wayarin: Ni dai sandar wayar ƙasa nake kafawa kusa da inda motar ke tsayawa, in auna ta, in huta.

Anti Injiniya: Sanda tana da kyau in tsarin gidan TT ne, wato ƙasan gidan daga sandarsa yake, ba daga tiransifoma ba. Amma a inda nitiral da ƙasa suka zo a waya ɗaya daga tiransifoma, in wayar nan ta tsinke a hanya, duk abin da ke jone da ƙasan gidan yana iya ɗaukar wuta, har jikin motar, RCD kuma ba zai gani ba. A Ingila dokarsu ta amince da na'urar da ke yanke laif da nitiral da ƙasan duka cikin daƙiƙa 5 in bolt ya fita daga tsakanin 207 da 253. In kuma sandarka za ka kafa wa akwatin shi kaɗai, sai ka raba ta da ƙasan gidan, ka tabbatar babu famfo ko ƙofar ƙarfe ta ɗaya tsarin da mutum zai iya taɓawa tare da motar, ka kuma kula kada ka buga sandar kan faif ko kebul da ke binne.

Baba Mai Wayarin: Raba su ɗin nake yi. Na'urar awon bolt ɗin ce ban amince da ita ba a inda wuta ke hawa da sauka, za ta wuni tana yankewa.

Anti Injiniya: A irin wannan wurin gaskiyarka ne, Baba, sandar ta fi.

Sabon Hannu: Na dawo daga gidan. Motar nau'i na 2 ce, littafinta ya ce 7.4 a fes ɗaya. Akwatin yana karɓar fes ɗaya, an rubuta 6mA DC a jikinsa, kuma bireka 40 yake so. RCD ɗin gidan igiyar ruwa guda ce, nau'in AC. Tsarin TT ne, akwai sanda a bayan gida. Abin da ban zata ba, fis ɗin shigowa 60 ne, na sa kilam-mita mai auna amfiya, lokacin na'urorin sanyaya ɗaki suna kunne, na ga amfiya 34. Na yi wa mai gidan bayanin awa tara, ya ɗan ɓata rai amma ya yarda.

Malamin Kwaleji: 34 da 32 sun zama 66, sun haura fis ɗin. Duba ko akwatin yana da wurin jona zoben CT, wato zoben da ke auna amfiyan da ke ratsa waya. In yana da shi, ka rataya zoben a laif ɗin shigowa, kibiyarsa ta bi yadda littafin ya nuna, ka gaya masa iyakar gidan, shi zai riƙa rage wa mota in lodi ya hau ya mayar mata in ya sauka. In babu, saita shi a 20 ka rubuta a murfin akwatin rarraba wuta don wanda zai zo bayanka.

Anti Injiniya: Ka auna tsohuwar sandar nan da mita, kada ka yarda da ganin ido. Ranar gwaji kuma ka aro adaftar da ke kwaikwayon mota, ita za ta sa kontakta ya rufe ka samu damar gwada RCD ɗin da yankewar miliamfiya 6 daga bakin fulogin. Bayan nan ka jona motar ta ja awa ɗaya cur, ka kashe, ka duba zafin kowane ɗauri tun daga bireka har akwatin.

Sabon Hannu: Akwai wurin CT ɗin, na gani a shafin ƙarshe. Gobe zan sayo 10mm da RCD nau'in A mai yanke layi biyu. Baba, in na gama ɗaurin zan turo hoton cikin akwatin ka duba mini kafin in rufe.

Baba Mai Wayarin: Turo, ɗana. Ka ɗauko shi kusa yadda zan ga bakin nitiral ɗin sosai.